Wutar Maris 1987 da Abin da Ya Biyo Baya: Kiristocin Ƙasar Zazzau Tsakanin Haƙuri da Ramuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ratse ya shiga ƙauyukan Makarfi da Gubuchi da Ikara, ko ya bi ta Hunƙuyi ya nufi Kudan, zai ga gonakin rake da masara da tumatir, zai kuma ga masallaci a kowace unguwa. Idan ya ƙara lura, zai hangi wani ɗan gini nan da can, mai rufin kwano, da gicciye a bisa ƙofarsa. Ran Lahadi da Hausa ake waƙa a ciki, da Hausa ake wa'azi, masu sujadar kuwa su Audu ne da su Tanko da su Ladi da su Talatu. Waɗannan su ne Hausawa Kiristoci, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa.

Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bi tarihi mu ga abin da Kiristocin ƙasar Zazzau suka yi a lokutan da aka cinna wa wuraren ibadarsu wuta, da abin da kowane mataki ya haifar. Ba wa'azi za mu yi ba, wannan aikin masu shi ne. Amma tun da tambayar ta shafi rayukan mutane da zaman tare, ya kamata ɗalibi, Musulmi ne ko Kirista, ya san yadda aka yi.

Kafin mu ci gaba akwai kalmomi biyu da za mu bambance. Hausawa Kiristoci sukan ce wa ginin da ake sujada a ciki majami'a, ko coci, jama'ar masu bi kuwa su ce musu ikkilisiya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Asalin Masihiyawan Ƙasar Zazzau

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowane Kirista a ƙasar Hausa baƙo ne, ko dai daga Kudu ya zo, ko daga kudancin Jihar Kaduna. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Sun yi shekaru fiye da arba'in suna riƙe da abin da suka gaskata ba tare da sun taɓa ganin coci ba.

A 1905 Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilikan ya zauna a cikin birnin Zariya. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi, daga nan aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka yi gonaki da makaranta da majami'a. Ƙauyen bai daɗe ba. Ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka rage suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa.

Wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa ita ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ita ta fitar da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ban da zuriyar Isawa, daga baya Maguzawa masu yawa na ƙauyukan arewacin Zazzau da kudancin Kano da Katsina suka karɓi addinin Kirista, kamar yadda wasu 'yan'uwansu suka karɓi Musulunci. Saboda haka ne a gida ɗaya za ka iske wa Musulmi, ƙane Kirista, suna noma gandu ɗaya.

Wutar Maris 1987

Kafin 1987 an taɓa ƙona coci a Arewa. A ƙarshen watan Oktoba 1982 rigimar faɗaɗa cocin Angilikan da ke Fagge, kusa da masallaci, ta jawo aka ƙona majami'u da dama a Kano. Amma abin bai fita daga gari ɗaya ba. Na 1987 shi ne ya game jiha guda.

Ran Juma'a 6 ga watan Maris 1987 ɗalibai Kiristoci na Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan suka shirya taron wa'azi, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda da can Musulmi ne. Ɗalibai Musulmi suka ce ya yi wa Alƙur'ani fassarar da ba ta dace ba, ya kuma taɓa mutuncin Manzon Allah (S.A.W.). Faɗa ya kaure a makaranta, ya fantsama cikin gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai. Gaskiyar tarihi ita ce, a Kafanchan Musulmi ne suka fi jin jiki.

Labari ya iso arewacin jihar, an ƙara masa gishiri. An zargi gidan rediyon tarayya na Kaduna da cewa yadda ya riƙa maimaita labarin ya ƙara rura wutar. Daga ran 10 zuwa 12 ga watan, gungun matasa suka bi Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina (a lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna) suna cinna wa majami'u wuta, haɗe da otal-otal da gidajen giya da gidajen mutane. Zariya ce ta fi shan wuta. Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da Wusasa duk abin ya shafe su, har da ɗakunan sujada na cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Gwamnan jihar, Abubakar Dangiwa Umar, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Uwargida Hansine Donli. Lissafin hukuma ya nuna mutum 19 sun mutu, an lalata majami'u fiye da ɗari da masallatai biyar. Shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula, ya kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, wadda ta ɗaure mutane da dama. Wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello, Musulmi da Kirista, cikinsu har da Dokta Yusufu Bala Usman, suka fitar da takarda suna cewa masu neman mulki da dukiya ne suke fakewa da addini suna haɗa talakawa faɗa.

Mataki na Farko: Haƙuri

Abin da ya kamata a lura da shi game da Zariya a 1987 shi ne Kiristocin garin ba su rama ba. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa shi ne Benjamin Kwashi, wani matashin limamin cocin St. Andrew, wanda aka ƙona cocinsa da gidansa. Daga baya ya zama Bishof na Jos a 1992. Ya sha ba da labarin cewa a waɗannan kwanaki, da jama'a suka tambaye shi abin yi, bayan ya yi addu'a sai ya ce musu kada kowa ya ɗaga hannu, su tsaya su bar wa Allah. Mutane suka tsaya suna kallo ana ƙona abin da suka yi shekaru suna tara kuɗin gininsa.

Hujjarsu a addini a fili take. A cikin Bisharar Matiyu sura 5 Yesu ya koya wa almajiransa kada su rama mugunta, su juya ɗaya kuncin ga wanda ya mare su, su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a. A nan ne kuma bambancin majami'a da ikkilisiya ya yi aiki. Wanda ya gaskata cewa jama'a su ne ikkilisiya, ba zai ba da ran mutum a bakin bulo da kwano ba. Kakannin wasunsu, Isawa, sun yi ibada shekara da shekaru ba su da gini ko ɗaya.

Me wannan haƙuri ya haifar? Idan aka kwatanta yawan gine-ginen da aka ƙona da yawan rayukan da aka rasa, za a ga cewa 1987 ta fi duk rikice-rikicen da suka biyo bayanta ƙarancin jini nesa ba kusa ba. Majami'u fiye da ɗari, mutum 19. Wuta ta ci katako da kwano, da ba a ƙara mata itace ba sai ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ikkilisiyoyi suka koma sujada a cikin kangaye da ƙarƙashin rumfuna, sa'an nan suka sake gini, yawanci da ya fi na da girma.

Mataki na Biyu: Ramuwa

Sai dai ba kowa ne ya ɗauki wannan darasi daga 1987 ba. Wasu sun ga cewa an ƙona an ci bulus, hukuma ba ta iso ba sai da aka gama, waɗanda aka ɗaure kuma yara ne, manyan da suka zuga su suna gida. Daga nan wata magana ta fara yawo a bakin matasan Kirista, cewa kunci biyu Allah ya ba mutum, an mari duka biyun, babu na uku da za a juya. Reshen matasa na Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN, wadda aka kafa a 1976, ya ƙara ƙarfi, wasu a cikinsa suka fara shirin ko-ta-kwana.

An ga sakamakon wannan a Kano a watan Oktoba 1991, lokacin rigimar zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ɗan Jamus, inda mazauna Sabon Gari suka mai da martani. An ƙara gani a 1992. Rigimar sauya wurin kasuwa a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa ta tashi a watan Fabrairu, ta sake tashi a watan Mayu, aka yi wa Hausawan garin kisan kiyashi. Da labari ya iso arewa, aka far wa Kiristoci a Kaduna da Zariya da Ikara. A wannan karo kowane ɓangare ya fito da makami, waɗanda suka mutu kuwa ɗaruruwa ne.

A watan Fabrairu da Mayu 2000 rikicin Shari'a ya ci rayuka aƙalla 2,000 a Kaduna bisa ƙiyasin masu bincike, har aka kashe Hausawa a Aba da sunan ramuwa. Birnin Kaduna ya rabu biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara a arewa, Kiristoci a kudu. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙona majami'u a Zariya da sauran garuruwan arewacin jihar, aka kuma kashe ɗaruruwan Musulmi a Zonkwa da kewayenta. Ran Lahadi 17 ga watan Yuni 2012 'yan Boko Haram suka tayar da bam a cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Garin Zariya, da cocin ECWA na Wusasa, da wani coci a Kaduna. Kafin rana ta faɗi matasa sun tare hanyar Abuja a Gonin Gora suna kashe matafiya Musulmi waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka mutu a rikicin da ya biyo baya sun fi waɗanda bam ya kashe yawa.

Wa Yake Biyan Bashin?

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A rikicin addini na Jihar Kaduna wannan karin magana bai tabbata ba. Wanda ya yi kisa a Zangon Kataf bai san hanyar Ikara ba, amma Kiristan Ikara ne aka bi da fetur. Wanda ya ƙona coci a Zariya bai taɓa zuwa Zonkwa ba, amma Bahaushe mai shago a Zonkwa ne ya biya da ransa. Kowane ɓangare yana huce haushinsa a kan marasa rinjayen da ke hannunsa.

A nan ne matsayin Masihiyawan ƙauye, irin na wajen Gubuchi, ya fita daban. Ɗan Kudu da ke Sabon Gari, idan abin ya yi zafi, yana da garin da zai kwashe iyalinsa ya kai. Bahaushe Kirista ina zai je? Gonarsa tana nan, kabarin ubansa yana nan, 'yan'uwansa na jini suna cikin sahun masallacin garin. Idan ya gudu kudancin jihar ma, harshensa da rigarsa da hularsa suna iya sa a ɗauke shi Musulmi a shingen matasa. Shi ba shi da yawan da zai rama, kuma duk ramuwar da aka yi da sunansa a wani gari a kansa take ƙarewa. Wanda duk yake kiran ramuwa daga inda yake da rinjaye, ya kamata ya tuna da wannan mutum, kamar yadda mai ɗaukar fetur a Zariya ya kamata ya tuna da Bahaushen Kafanchan.

Mataki na Uku: Zama, Gini da Neman Hakki

Shin ke nan abin da ya rage wa Kirista shi ne ya naɗe hannu ya yi shiru? Tarihi ya nuna akwai hanya ta uku, kuma an bi ta.

Na farko, ƙin ramuwa bai hana neman hakki ba. Bayan Maris 1987 shugabannin ikkilisiya sun lissafa abin da aka ƙona, sun kai ƙorafi gaban hukuma, sun buga a jaridu, sun nemi diyya. Da ba a rubuta ba, da yau ba mu da abin da za mu kafa hujja da shi. A cikin Ayyukan Manzanni, Bulus da kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Rum, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Yafe wa mutum tsakaninka da Allah daban, sauke wa gwamnati nauyin hukunta mai laifi daban. Rashin hukunci shi ne babban abin da ya tura matasa ga makami bayan 1987.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin gadi da ramuwa. Masu wa'azi sukan kawo labarin Nehemiya, wanda ya sa masu tsaro yayin da ake sake gina garun Urushalima. Nehemiya ya tsare inda yake gini, bai aika mutane su ƙona ƙauyen wani ba. Bayan 2012 majami'u da yawa sun kewaye harabarsu, sun sa masu bincike a ƙofa, sun haɗa kai da 'yan sanda. Wannan duk bai saɓa wa Matiyu sura 5 ba. Tare hanya a kashe matafiyi kuwa babu ayar da ta halatta shi.

Na uku, sun zauna sun sake gini. Shekara goma bayan wutar, a 1997, aka kafa Dayosis na Wusasa, Ali Buba Lamido ya zama bishof na farko, daga baya kuma aka fitar da Dayosis na Ikara. Haka 'yan'uwansu na Nijar suka yi. Ran 16 da 17 ga watan Janairu 2015, a zanga-zangar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. Kiristocin Nijar, waɗanda ba su fi cikin cokali ba a yawan jama'ar ƙasar, suka fito suka ce sun yafe, suka ci gaba da sujada a cikin toka har suka sake rufi.

Na huɗu, wanda ya fi duka wuya, shi ne komawa wurin maƙwabci. A rikicin 1992 a Kaduna Fasto James Wuye, wanda yake cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa, ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa, da ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa yana zargin ɗan'uwansa, a hankali suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Suna cikin waɗanda suka yi aikin da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda malamai 11 na Musulmi da 11 na Kirista suka sa wa hannu ran 22 ga watan Agusta 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, ɗan wannan yanki da muke magana a kai. Ba za mu ɓoye ba, wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya sake zubar da jini a Kaduna. Takarda ba ta kashe wuta. Amma sanayyar da aka ƙulla ta sa daga baya akwai wanda za a kira da tsakar dare idan jita-jita ta tashi.

Wannan mataki ba na Kirista kaɗai ba ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Suratul Hajji aya ta 40 an ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai a cikin abubuwan da Allah yake karewa daga rushewa. Ran 23 ga watan Yuni 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Jihar Filato ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. A ƙauyen da Kiristoci ba su da yawa, katangar da ta fi tsare coci ita ce dattawan Musulmin garin. Wannan kuwa ba a ranar tashin hankali ake gina ta ba, ba a fafe gora ranar tafiya. A wurin suna da biki da jana'iza da gayyar noma ake gina ta.

Kammalawa

Mun ga cewa a 1987 Kiristocin Zariya sun rasa majami'u, amma ikkilisiya ta tsira, ta kuma ƙaru. Mun ga cewa daga 1992 zuwa 2012, da aka shiga ramuwar gayya, an ci gaba da ƙona majami'un, an kuma ƙara da asarar dubban rayuka, mafi yawansu na waɗanda ba su da hannu a rigimar. Mun ga kuma cewa haƙurin da hukuma ba ta tallafa masa da adalci ba yakan ƙare, domin ba kowa ne yake iya dafa dutse ba.

Ya kamata mu ɗalibai mu tuna cewa wutar 1987 a makaranta ta tashi, a tsakanin masu karatu irinmu, ta je ta cinye gumin manoma da 'yan kasuwa da ba su san abin da aka faɗa a wurin taron ba. Yawancin dattawan da suka ga abin da idonsu a Wusasa da Samaru da Ikara da ƙauyukan Makarfi sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ga aiki ga 'yan wannan ƙungiya: idan an tafi hutu, kowa ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, Musulmi ko Kirista, ya tambaye shi wa ya ƙona, wa ya ɓoye wani, wa ya kawo ruwa, ya rubuta da Hausa ya kawo wa wannan mujalla. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.